Abuja Sunan Mutum Ne, Amma Wa Ya Gaya Wa 'Ya'yanmu?



Ran Asabar muna kan hanyar Kaduna, daidai Dutsen Zuma, sai ɗana ya ce, "Baba, wai mene ne ma'anar Abuja?" Na ce ba a gaya muku a makaranta ba? Ya ce abin da ya sani kawai shi ne gwamnati ce ta gina garin. Wallahi sai kunya ta kama ni, domin a nan aka haife shi, kuma laifin nawa ne, ba na malamai ba.

To ga amsar, don na san ba ɗana kaɗai ba ne. Da jihadin Shehu ɗan Fodiyo ya iso Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya zauna wajen Zuba. A 1825 aka kashe shi a yaƙi a Lapai, sai aka naɗa ɗan uwansa Abubakar Jatau, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Daga shi sai Abu Kwaka a 1851, sai Ibrahim Iyalai a 1877, sai Muhammadu Gani a 1902, sai Musa Angulu a 1917, sai Sulaimanu Barau a 1944. A zamanin Barau ne gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Gwamnati kuwa ba ta taso daga Legas ba sai Disamba 1991.

Ku duba abin da ya sami wannan gida. Sun rasa Zariya, daga baya sunan garinsu ma ya tafi, amma har yau sarautarsu Sarkin Zazzau ce. Abin da bai kuɓuce musu ba shi ne sanin wane ya haifi wane, wane ya gaji wane. Har littafi Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta a kan tarihin garin.

Ni da na fito daga Maraɗi labarin bai yi mini baƙo ba. Mu ma sarakunan Katsina ne da jihadi ya kora suka zauna can, shi ya sa ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, kamar yadda na Tsibiri yake Sarkin Gobir. Ko Faransa da ta mulke mu, tun 1790 'yan juyin juya hali suka soke sarautun gado, yau kuma jamhuriya ce, amma tsofaffin gidajen sarautarsu suna nan riƙe da takardun salsalarsu, ko da ba su da iko da ko ƙauye guda.

Mu fa? Kusan kowane ƙarshen mako sai ka sami katin gayyatar naɗi. Wane ya zama Garkuwa, wane ya zama Jarma, an yanka shanu, maroƙa sun cika aljihu. Ba na ƙin sarauta, kuma Sarkin Hausawan da ke sasanta rigimar kasuwa da karɓar baƙo yana aiki na gaske, Allah Ya saka masa. Abin da ke damuna shi ne mai sabon rawanin nan, ka tambayi ɗansa sunan kakan babansa sai ya hau sosa kai. Rawani ana sayensa a kasuwa, asali kuwa in ya ɓace babu kantin da ake sayar da shi.

Na san wani zai ce wannan zancen 'yan sarauta ne, mu talakawa ina ruwanmu, kuma ai Musulunci ya hana alfahari da nasaba. Gaskiya ne ya hana alfahari, amma ya umurce mu da sada zumunci, kuma ba ka sada zumunci da wanda ba ka sani ba. Ranar rabon gado, ko neman aure, ko ranar da aka ce yaro ya kawo takardar shaidar asali, sannan za ka gane ɗan maƙeri da ɗan fatake ma suna bukatar salsala.

Shawarata ƙarama ce. In ka je gida da Sallah, ka zauna gaban tsohuwar da ta rage a gidanku, ka ɗauki biro da takarda, ko ka naɗi muryarta a waya. Ka tambaye ta sunaye, da garin da aka taso, da dalilin tasowa. Ni na yi sakaci har gwaggona ta rasu, yanzu lissafina ya tsaya a kaka na uku. Kada ku bari haka ta same ku.

Mun yi da yaron Juma'a mai zuwa a Suleja za mu yi salla, ya ga ƙofar fadar da idonsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.