Labarin Fim a Tambayi Fosta

A 'yan shekarun nan mun ga 'ya'yanmu na zango, daga Nima da Mamobi zuwa Kumasi da Tamale, suna shiga karatun shirya fim. Wasunsu suna makarantar NAFTI da aka kafa a 1978, wasu kuma suna jami'o'i dabam-dabam. Abin farin ciki shi ne, idan aka zo fim ɗin kammala karatu, akwai masu dawowa gida su ɗauki labarin unguwa, su bar 'yan wasa su yi magana da Hausa. Abin da ke damunmu kuwa shi ne fostar da suke tallata aikin da ita. Fim na Hausa, suna da Turanci da manyan baƙaƙe, hoton kuma kwaikwayon fostocin Amurka ko Indiya. Mai wucewa ba zai taɓa sanin cewa labarin gidansu ne a ciki ba.

Muna ganin wannan kuskure ne, domin waɗanda za su ga fosta sun ninka waɗanda za su zauna kallon fim ɗin. A ƙasar nan Hausa harshen kasuwa ne da masallaci da tsakar gida, amma da wuya ka gan ta a rubuce a bango. Yaro yana girma yana karanta Turanci a kowane allo, har ya ɗauka harshen iyayensa na baki ne kawai. Fosta guda da aka liƙa a bakin tasha da suna na Hausa tana gyara wannan tunani fiye da dogon jawabi.

Kuma ba sai mun yi aro daga nesa ba. Tun daga shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990, masu yawo da bidiyo da talabijin da janareta gari-gari a Gana sukan sa masu zane su yi musu fosta da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, amma ya san idon mutanen da zai jawo. Yau masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka suna sayen waɗannan buhuna. Darasin da ke ciki shi ne sanin mai kallo. Ƙarin gishirin da suka riƙa yi kuwa, a bar shi a zamaninsa, kada ɗalibi ya zana abin da babu shi a fim ɗinsa.

Za a ce malaman da ke ba da maki da alƙalan bukukuwan fina-finai, irin FESPACO da ake yi a Wagadugu tun 1969, ba sa jin Hausa, haka ma maƙwabtanmu masu jin Twi ko Ga. Gaskiya ne, ba kuma cewa muke a kore su ba. A sa sunan Hausa a sama, fassarar ta biyo a ƙasa. Mai gida shi ke zama a zaure, baƙo a yi masa shimfiɗa a gefensa.

In za a rubuta kuwa, a rubuta daidai. Mun sani da yawanmu a nan ba ma bambanta k da ƙ a magana, amma rubutu yana tafiya inda murya ba ta zuwa. A ce sunan fim ɗin "Baƙi", sai lanƙwasar ta faɗi wajen bugu, ya koma "Baki". An tashi daga labarin mutanen da suka zo daga nesa, an koma gaɓar cin tuwo. A zaɓi samfurin rubutu mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, a duba kafin a biya mai bugawa. Layi ɗaya na ajami ma zai jawo dattawan da allo ya rena, a ƙasar da Alhaji Umaru na Karaci ya yi rubuce-rubucensa da shi har rasuwarsa a 1934.

Sauran ladubban kaɗan ne. Hoto guda mai ƙarfi ya fi fuskoki goma a cunkushe. Sunan ya karantu daga tsallaken titi, ya kuma karantu a fuskar waya, tunda ta WhatsApp zai fi yawo. Rana da wuri da kuɗin shiga su fito sarai. A rubuta sunayen waɗanda suka yi wahala, har mai riƙe fitila. Kada kuma a sa fuskar wata uwa ko 'yar wani a bango sai da yardarsu, domin zango gida ɗaya ne, kuma fim zai wuce a bar mutum da mutuncinsa.

Kafin a kai ta wurin bugu, a nuna wa tsohuwa guda da yaro guda a unguwa. In sun duba suka ce wannan namu ne, to a buga. Allah ya yi wa ɗalibanmu jagora.