Sharhi: Kafin ɗan Arlit ya biya kuɗin koyon tuƙin jirgi

Tun da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar yuraniyom ta Akouta ranar 31 ga Maris 2021, matasan Arlit da Akokan ke neman sana'ar da ba ta rami ba. Wasu na sha'awar tuƙin jirgin sama, kuma sau da yawa 'yan uwa mazauna ƙetare ake sa rai su biya. Kafin a turo kuɗin, ya kamata a san abin da za a saya.

Lasisin matuƙi mai zaman kansa, wato PPL, ba ya ba mutum damar tuƙi don albashi. A ƙa'idar hukumar ICAO, awa 40 a sama ake buƙata kafin a same shi. Mai son aiki a kamfani sai ya kai lasisin kasuwanci, CPL, mai awa 200, ko 150 a kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. Kyaftin na babban jirgin fasinja kuwa awa 1,500 ne. Duk wanda guzurinsa ya ƙare a matakin farko, takarda kawai zai dawo da ita gida.

Zamani ya kawo sauƙi. Ana karatun yanayi da dokokin sama ta intanet, ana atisaye a na'urar kwaikwayon jirgi. Sai dai awa 5 kacal na na'urar ke shiga lissafin PPL, don haka a yi hattara da makarantar da ke tallar kwamfuta alhali jiragenta na ƙasa.

Zaɓin makaranta ya dogara ne da burin ɗalibi. EAMAC ta Yamai tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da ma'aikatan na'urori, yayin da kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ke yaye matuƙa. Arewacin Nijar kuma yana buƙatar matuƙin da ya saba da zafi da ƙura, mai iya kwasar marar lafiya daga Arlit zuwa Agadez ko Yamai.

Ya dace hukumar ANAC ta riƙa sanar da jama'a makarantun da take karɓar lasisinsu. Kamfanin Somaïr, da gwamnati ta karɓe a 2025, ya ɗauki nauyin 'ya'yan yankin har zuwa CPL. Iyaye kuma su fara da gwajin lafiyar matuƙa da na Turanci, kafin a biya ko dala.