Tambihi Ga Fataken Gobir Bisa Kuɗin Gina Shafin Ciniki A Intanet

Akwai wata mas'ala da ta shigo kasuwannin Sabon Birni da Isa da kewayensu, wadda ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira. Samari masu ilmin kwamfuta, waɗansu 'ya'yan ƙasar nan ne, waɗansu kuwa daga manyan birane suke aiko da saƙo ta waya, suna yi wa masu dukiya tayin gina musu shafin ciniki a intanet, watau wata rumfa marar ƙasa marar jinka, wadda mutumin Legas ko na Maraɗi zai leƙa daga cikin wayarsa ya ga hajar mutum da kuɗinta. Abin da ya rikitar da jama'a shi ne farashi. Wannan ya ce dubu kaza, wancan ya faɗi ninkinsa goma, na uku ya ambaci miliyan, alhali kuwa dukansu suna kiran abin da suna guda. Mai albasa ya san kuɗin buhu, mai shanu yakan buɗe bakin sa ya ga haƙori kafin ya taya, amma a nan an kawo musu hajar da ba a aunawa da tiya, ba a kuma ɗagawa a ji nauyinta.

Asalin ruɗanin kuwa, abin da ake kira kuɗin shafi ba kuɗi ɗaya ba ne. A cikinsa akwai ladan aiki wanda ake biya sau ɗaya a gama, akwai kuma haya wadda ba ta ƙarewa muddin shafin yana raye. Wanda ya cuɗa su ya faɗi jimla guda, ko da bai yi nufin zamba ba, ya bar mai saye cikin duhu, domin zai tashi da zaton ya mallaki gida, ashe ɗaki ya kama a gidan wani.

A fara da ladan magini. Bambancin farashinsa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa sayen hula. Akwai ta keke, wadda ake ɗinka da yawa a wuni bisa zane guda, akwai kuma ta hannu wadda mai ita zai yi makonni yana soka allura, kuma babu mai hankalin da zai ce a saye su kuɗi ɗaya. Haka shafi yake. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya an gina su ne bisa wata manhaja mai suna WordPress, wadda ta fito a 2003, kyauta ce ga kowa, tana kuma da dubban zane shiryayyu. Magini yakan ɗauki ɗaya, ya sauya launi, ya sa suna da hotuna da lambar waya, aiki ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Wannan ba aibi ba ne, hular keke ma tana rufe kai. Aibin shi ne a sayar da ita da sunan ta hannu. Shafin da ke da tsada da gaskiya shi ne wanda zai riƙe lissafin kaya, ya karɓi kuɗin mai saye, ya ba shi rasit, sa'an nan ya rage abin da aka saya daga abin da ya saura a sito. Wannan aiki ne na makonni ko watanni, kuma mai yinsa ya cancanci ladansa. Saboda haka, kafin a tambayi magini nawa ne, sai a tambaye shi wanne zai yi cikin biyun nan, fuska nawa shafin zai ƙunsa, wa zai ɗauki hotunan kaya, wa zai rubuta bayaninsu, kuma gyara sau nawa ya shiga cikin kuɗin.

Amma haya, ita ce ba a cika faɗa wa mai saye ba. Kowane shafi yana da suna wanda ake nemansa da shi, kuma wannan suna ba a sayensa saye na har abada, kama shi ake yi shekara shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ana biyansu da naira ta hannun wakilanta. Masu ƙarewa da .com kuwa asalin farashinsu da dala yake, tsakanin dala goma da ashirin a shekara ga sunan da ba a yi rububinsa ba. Bayan suna akwai masauki, watau wata babbar kwamfuta da ba ta barci dare da rana, inda ake ajiye shafin, ita ma da kuɗinta a wata ko a shekara. In masaukin na ƙasar waje ne, to hayarsa tana tafiya tare da dala duk inda ta nufa. A farkon Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, kafin Fabrairu 2024 ya ƙare ta haura 1,500. A ƙaddara hayar mutum dala 60 ce a shekara: wanda ya biya naira 27,600 da farko, da shekara ta zagayo an nemi 90,000 a hannunsa, ba tare da an ƙara masa ko da hoto ɗaya ba. In kuma shafin na karɓar kuɗi ne, kamfanin da ke tsakani yana cire kasonsa a kowane ciniki kamar la'adar dillali. Ga kuɗin data kuma, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a Janairu 2025 a ƙara shi har da rabi. Akwai kuma wani kwaɗon tsaro da ake sa wa shafi don kada a saci bayanin masu saye. Akwai na kuɗi, akwai wanda ake samu kyauta, ya kamata mai biya ya san wanne aka sa masa.

Daga cikin dukan waɗannan, wanda ya fi haɗari shi ne suna. Magini da yawa, don sauƙin aiki, yakan kama sunan da adireshinsa da katin bankinsa, mai dukiya bai sani ba, bai kuwa tambaya ba. Muddin ana shiri babu abin da zai bayyana. Ranar da aka ɓata, ko yaron ya sami aiki a Abuja ya sauya lamba, ranar nan mai shago zai gane cewa sunan da ya buga a allon ƙofarsa da buhunansa da jikin motarsa na wani ne. In shekara ta cika ba a sabunta ba, akan ɗaga ƙafa na 'yan makonni, sa'an nan a saki sunan ga duk wanda ya riga biya, ko da kuwa abokin hamayyarsa ne a kasuwa, ko macucin da zai riƙa karɓar kuɗin mutane da shi. Kada kuma wani ya ce ai ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar CAC. Wancan littafi daban, wannan daban, rajistar ɗaya ba ta kama wa mutum ɗayan.

Mutanen wannan ƙasa sun fi kowa cancantar gane wannan. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi sananniya ce wajen laushi da ƙarko, ayari sun yi shekaru aru-aru suna ƙetara Sahara da ita, har ta kai Turai aka riƙa yi wa manyan littattafai bango da ita. Amma da ta isa can ba a kira ta fatar Sakkwato ba, sai aka sa mata sunan Maroko, domin ta hannun mutanen can ta fito. Makiyayi ya yi kiwo, majemi ya sha warin jima, suna ya tafi ga wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Wancan ya faru ne saboda nisan tafiya, babu yadda za a yi. Wannan kuwa tambaya ɗaya ce take hana shi, watau da sunan wa aka kama.

Ba sabuwar ƙa'ida ake bukata a nan ba. Duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ijara ba ta inganta sai an san lada, an san aiki ko ajalinsa, ya kuma san cinikin garari, watau sayen abin da ba a san yadda yake ba, hananne ne. To magini ya ce a ba shi kaza zai jawo wa mutum masu saye daga ko'ina, ko zai sa sunansa ya riƙa fitowa a kan gaba a Google, wannan tsuntsu ne a sama ake sayarwa, domin abin ba a hannunsa yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne fuska kaza, cikin kwana kaza, bisa kuɗi kaza. Shi za a rubuta, a sa shaidu, kamar yadda ake yi a cinikin gona. Abin mamaki ne a ga attajirin da ba ya sayen jaki sai da shaida, ya tura wa wanda bai taɓa gani ba kuɗin sa guda saboda kawai an yi masa magana da Turanci.

Adalci kuma ya bukaci a faɗi ɗaya gefen. Waɗansu masu dukiya suna ganin tun da aikin ba a ɗaukar kaya a ka, ba aiki ba ne, sai su kira ɗan ƙanensu da ya yi jami'a su ce ya yi musu don zumunci, ko su matse magini har ya karɓi abin da ba zai ishe shi kuɗin data da caji ba. Wanda aka matse haka yakan yi aikin gaggawa ya ɓace, kuma ba shi kaɗai ke da laifi ba. Shafi yana son mai kula, a sauya farashi in ya sauya, a cire kayan da suka ƙare, a toshe ɓaraka in ta bayyana. Wannan ma a yanka masa lada sananne, a wata ko a shekara.

Saura babbar tambaya, wadda ta kamata ta riga sauran: wa ke bukatar shafin nan tukuna? Mai sayar da gero da wake ga mutanen da ya san iyayensu, a Gatawa ko Shinkafi, ba ya bukatarsa. Waya da WhatsApp sun ishe shi, kuma tun 2018 akwai nau'insa na 'yan kasuwa, kyauta, wanda mutum ke iya jera hotunan kayansa da farashi a ciki. Wanda shafi zai amfana shi ne mai neman baƙon da bai san shi ba, kamar mai tura albasa ko fatu kudu da yawa, ko mai son hulɗa da kamfanin da ba ya sakin kuɗi sai ya bincika. Shi ma ya auna halin ƙasarsa. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga, aka kuma daɗe a haka. Shafin da ke ajiye a Legas ko Turai bai mutu ba a lokacin, mai saye yana ganinsa, haya tana gudana, amma mai shi ba ya ji ba ya gani. Iyakar Nijar kuma an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Shafi yana kai hoto, ba ya kai buhu. Buhu sai mota da hanya mai lafiya. Wanda zai kashe kuɗi a kansa, ya fara samun amintaccen wakili a Sakkwato ko wani gari mai sabis, wanda zai amsa saƙo in nan ta yi shiru.

In an yanke shawarar ginawa, to a gina shi don masu sayen da ake da su. Ƙasar Gobir iyaka ta raba ta biyu, 'yan'uwa suna Tsibiri da Maraɗi, kuɗinsu sefa, bokonsu Faransanci, amma Hausa ta haɗa kowa. Shafin da aka cika da Turanci da manyan hotuna masu motsi yakan ƙi buɗewa inda sabis ke da rauni, ya kuma cinye datar mai dubawa, ga shi ya fi tsada. A shardanta wa magini Hausa, a kuma duba da ido cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai ba su zama akwatuna ba. Ajami ma ba gagararre ba ne, akwai haruffan kwamfuta na kyauta masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa hannun marubutan ƙasar Hausa. Maginin da ya ce ba ya yiwuwa, bai bincika ba ne.

Game da biya kuwa, a ba da kafin alƙalami gwargwado, a ba da wani kaso in an ga rabin aiki, a riƙe sauran sai ranar miƙa mabuɗi. A ranar nan a buɗe shafin a wayar mai dukiya, a cikin garinsa, gaban shaidu, a nuna masa takardar da ke tabbatar da suna da masauki nasa ne, ya sauya kalmar sirri da hannunsa, sa'an nan ya cika kuɗi. Ya rubuta ranar sabuntawa a littafin lissafinsa da watan boko, domin kamfanonin nan ba da watan sama suke ƙidaya ba. Kalmar sirrin kuma ya rubuta ta ya ajiye wurin amintacce tare da takardun gona da na gida, domin in ta Allah ta kasance, shafin da aka san shi da ciniki dukiya ce da za ta shiga lissafin gado, kuma magada ba su da hanyar shigarsa sai da ita.