Mata A Yi Hattara Da Ƙwayoyin Ɗaukewar Al'ada

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin iyayenmu mata na karkara da mazajensu.

Ni ɗan tireda ne a yankin Ɗambatta. Yayata ta haura shekara 50, al'ada ta ɗauke mata, sai ga zafi yana taso mata kamar an zuba garwashi, ga gumin dare, barci ya gagara. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Da kaka ta yi aka sayar da gyaɗa, wata maƙwabciya ta sayo mata ƙwayoyi a wani kemis a birni. Ta samu sauƙi kam, amma bayan 'yan watanni jini ya dawo. Da muka je asibiti, likita ya ce ƙwayar sinadarin estrogen ce, kuma mace mai mahaifa in ta sha shi zalla, ba tare da abokin haɗinsa progestin ba, yana iya jawo mata ciwon dajin mahaifa. Allah Ya rufa asiri, gwaji ya nuna ba komai.

Ko haɗin ma ba a sha da ka. A 2002 an dakatar da wani babban bincike a Amurka kan mata sama da 16,000, saboda an ga masu shan haɗin sun ɗan fi kamuwa da dajin nono, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Daga baya masana suka gano cewa ga mafi yawan matan da ba su kai 60 ba, amfanin maganin kan rinjayi haɗarinsa. Ashe maganin ba guba ba ne, amma likita ne zai tantance wadda ya dace da ita, ba yaron kemis ba.

Don haka, iyayena mata, ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce. Amma duk wadda jini ya dawo mata bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ta ji ƙullutu a nono, kada kunya ta hana ta faɗa. A je babban asibiti mafi kusa, in ta kama a tura ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mu kuma maza, kuɗin mota ba su kai ran uwar 'ya'yanmu ba.

Ina roƙon hukumomin lafiya su sa ido kan masu sayar da irin waɗannan ƙwayoyi ba takardar likita.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.

Daga wani ɗan tireda,
Ɗambatta, Jihar Kano.