Tsohuwar Kujera Ba Itacen Girki Ba Ce

A watan Fabrairu na shekarar 2009 an yi gwanjon kayan wani shahararren maɗinki Bafaranshe, Yves Saint Laurent, a birnin Faris. Daga cikin kayan akwai wata kujera mai hannu, ta katako da fata, wadda Eileen Gray, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ailan, ta tsara tsakanin 1917 da 1919. An sayar da ita kusan Yuro miliyan 22. Manomin Dambatta ko na Bichi da ya ji wannan labari zai ce attajiran Turai sun rasa abin yi da dukiyarsu, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai dai labarin irin waɗannan kujeru ya shafi gonarsa da makarantar 'ya'yansa fiye da yadda yake zato.

Da farko yana da kyau mai karatu ya san irin kujerun da ake magana a kansu. A farkon ƙarni na 20 wasu masu zanen gine-gine a Turai suka ga cewa ado ya yi wa kayan ɗaki yawa, sai suka koma tambayar abin da jikin mutum yake bukata da abin da katako ko ƙarfe zai iya ɗauka. A 1925 Marcel Breuer ya lura da yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe aka yi kan keke, ya yi kujera da irin wannan bututu. A 1932 Alvar Aalto na ƙasar Finlan ya tsara kujera domin asibitin masu tarin fuka a garin Paimio. Ya manne siraran fale-falen katako, ya tanƙwara su, ya kuma kishingiɗar da majinginar yadda numfashi zai zo wa majiyyaci da sauƙi. Ɗalibin da ya karanta ƙirar jikin ɗan Adam ya san cewa ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa a wuya da gadon baya da ƙugu. Kujerar da ta bi wannan lanƙwasa tana hutar da tsoka, wadda ta saɓa mata kuwa tana gajiyar da mai zama ko da an lulluɓe ta da karan-miski.

Labarin da ya fi kusa da halin da ake ciki a ƙasar Kano shi ne na birnin Chandigarh a Indiya. An fara gina shi a farkon shekarun 1950 bisa tsarin Le Corbusier, ɗan'uwansa Pierre Jeanneret kuma ya zauna can har 1965 yana kula da aikin. Shi da ma'aikata 'yan Indiya, irin su Eulie Chowdhury, suka tsara kujerun ofisoshi da kotuna da jami'a, kafintocin ƙasar suka ƙera dubbai da itacen tik, suka yi musu mazauni da saƙa irin ta kwando. Da kujerun suka tsufa, sai aka jibge su a bayan ofisoshi, rana da ruwa suna dukansu. Wajen ƙarshen shekarun 1990 dillalai daga Faransa suka riƙa sayensu a farashin bola, suna gyarawa, suna sayarwa a Faris da Niyok a kan dubban daloli. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta hana fitar da su, bayan da yawa sun riga sun tsallaka teku. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka yi aiki a Chandigarh, su ne suka zana manyan gine-ginen Jami'ar Ibadan. Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a Zariya daga 1957 zuwa 1961, ya shahara da zanen gini da ƙera kujeru da katakon ƙasar nan, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin zanen gine-gine na birnin Benis a 2023. A karkarar arewacin Kano ma akwai nata rabon. Akwai kujeru masu hannu da bencina da tebura na tsofaffin makarantu da kotuna da ofisoshin hakimai, akwai kuma kujerar tsugunno ta mata, wadda masassaƙi yake fitarwa da gizago daga gungume guda, ba ƙusa ba gam. Babu mai cewa waɗannan za su yi kuɗin kujerar Eileen Gray. Darajarsu tana cikin itacen da aka yi su da shi da kuma gwanintar hannun da ya yi su, kuma duka biyun suna ƙaranci.

Ilimin halittu yana bayyana dalilin da ya sa tsohuwar kujera take daɗewa. Idan aka yanka gungumen babbar bishiya za a ga kashi biyu. Na waje, kusa da ɓawo, fari ne, ta cikinsa ruwa yake hawa daga saiwa zuwa ganye, kuma yana ɗauke da sitaci, abincin da ƙwari suke so. Na tsakiya ya fi duhu, ƙwayoyin halittarsa sun mutu, bishiyar ta cika su da sinadarai masu hana ruɓa da korar gara. Wannan tsakiya ba ta yin kauri sai bishiya ta shekara da yawa. Maɗaci da ƙirya da kanya da madobiya duk an san su da ƙarfin tsakiya, shi ya sa ake neman ƙirya domin turmi da taɓarya. Kafintan da ya sami katakon tsohon maɗaci ya sami abin da ƙaramar bishiya ba za ta ba shi ba. Duk wanda ya faskara irin wannan kujera ya hura wuta, ya ƙone aikin da bishiya ta yi shekaru aru-aru tana yi domin ya dafa tuwon dare ɗaya.

To, ina za a sami madadin irin wannan katako? Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin gonakin da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960. Ya nuna cewa duk da yawan jama'a, manoman yankin suna barin itatuwa a gonakinsu suna kula da su, irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. To amma waɗannan itatuwa ne na abinci da taki da inuwa da abincin dabbobi, ba domin katako aka bar su ba. Itatuwan katako kuwa kasuwar duniya ta sa su gaba. Sarar madobiya domin kai wa ƙasar Sin, musamman a jihar Taraba, ta yi tsanani har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017, a 2022 kuma aka amince a ƙara maɗacin Afirka da kawo a jerin. Wato katakon da ke jikin tsohuwar kujera ya fi wanda ke tsaye a daji sauƙin ceto.

Wani zai ce kujerar roba ta fi araha, ba ta da nauyi, kuma ba a sare bishiya domin ta. Wannan gaskiya ne, kuma a wurin biki ko taro tana da amfaninta. Amma hasken rana yana karya sarƙar sinadaran roba, shi ya sa take koɗewa ta yi gautsi, in ƙafa ɗaya ta karye kuma shi ke nan, sai bola, inda ba za ta ruɓe ba. Kujerar katako da aka haɗa ta hanyar huda da cusa wani katako cikin wani, kafintan ƙauye zai kwance ta ya sauya abin da ya lalace ya mayar.

Saboda haka akwai aikin da ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare za su iya yi ba tare da kashe kuɗi ba. Su buɗe sito, su ƙirga tsofaffin kujeru da tebura, su auna tsayin mazauni da karkatar majingina, su gane irin itacen, su rubuta komai a littafi. Su je wurin tsofaffin masassaƙa da kafintoci a Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Minjibir su rubuta sunayensu da itacen da kowane yake zaɓa da dalilinsa, domin kafintocin Chandigarh an ci riba da aikinsu ba tare da an san sunayensu ba. Shugabannin makarantu su daina yarda a kwashe karyayyun kujeru a matsayin itacen girki kafin kafinta ya duba su. Sannan kowane aji ya dasa maɗaci a harabar makaranta ya raine shi. Darbejiya, wadda dangi ɗaya suke da maɗaci, ta riga ta nuna cewa bishiyar da aka kula da ita tana kama ƙasa a wannan yanki. Ɗalibin da ya dasa maɗaci bana zai yi wuya ya zauna a kan kujerar da za a yi da shi, amma jikokinsa za su sami katakon da za su yi tasu.