Ku Auna Ɗan Takara da Mudun Balewa

Jama'a, manoma da makiyaya, maza da mata, zaɓe ya ƙarato. Ga motoci nan suna shigowa ƙauye da lasifika, kowa na cewa shi ne zai share muku hawaye a majalisa. To, kafin ku dangwala, ga mudun awo: Alhaji Abubakar Tafawa Balewa.

An haife shi a ƙasar Bauchi a 1912. Ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba. Malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina. A 1946 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 aka tura shi Majalisar Ikko. Daga nan bai bar aikin majalisa ba sai da sojoji suka kashe shi a watan Janairu na 1966. Kusan shekara 20 ke nan. Me ya yi da su?

Na farko, ya faɗi gaskiya a inda ake tsoron faɗinta. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a binciki mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da ta cewa a cikinsa. Ku tuna, a zamanin nan maganar sarki yankan wuƙa ce. Manya da yawa ba su ji daɗi ba, amma aka yi binciken. Ba a daɗe ba aka soke mulkin sarki shi kaɗai, aka ce sai da majalisarsa, sannan dokar En'e ta 1954 ta biyo baya.

Na biyu, ya yi aikin da ido ke gani. Ya riƙe ministan ayyuka a 1952, sannan ministan sufuri, ya zama Firayim Minista a 1957. A zamaninsa aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Kuru, kusa da Jos, ta isa Bauchi a 1961, ta ratsa Gombe, ta kai Maiduguri a 1964, domin gyaɗa da audugar manomi su isa bakin teku. A 1964 ɗin ne kuma aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji.

Na uku, bai tara dukiya ba. Mutumin da ya riƙe ƙasar nan shekara 8 da ɗoriya, ko abokan hamayyarsa sun shaida hannunsa bai shiga baitulmali ba.

Ba mu ce ba shi da laifi ba, mutum tara yake bai cika goma ba. Zaɓen 1964 ya zo da rikici, na Jihar Yamma a 1965 ya fi shi muni, gwamnatinsa kuwa ba ta kashe wutar da wuri ba. Wannan ma darasi ne: maguɗin zaɓe ba ya haifar da ɗa mai ido.

Saboda haka, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ko namu ne ko na wasu, ku zaunar da shi gindin bishiya ku tambaye shi. Shekara nawa ka yi a majalisa? Wane ƙuduri ka kawo? Yaushe ka taɓa miƙewa saboda takin zamani, ko rijiya, ko asibitinmu? Ina gidanka kafin zaɓe, ina yake yanzu?

Daɗewa a kujera ba aiki ba ne. Sabulu da atamfa kuwa ba sa kai shekara 4. Ranar zaɓe ku fito da sassafe da katinku, ku zaɓi wanda ya cika mudu.