Jami'ar Ahmadu Bello: Bashin Da Ke Wuyan Manyan 'Ya'yanta

Duk lokacin da aka yi bikin yaye ɗalibai ko taron tsofaffin ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai wata al'ada da ba a tsallake ta, wato mai jawabi ya miƙe ya jero sunayen manyan mutanen da jami'ar ta haifa, jama'a na tafi. Kuma lallai jerin yana da tsawo. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010, a nan ya yi digirinsa na farko da na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Mataimakan shugaban ƙasa guda biyu, Atiku Abubakar da Namadi Sambo, sun ratsa ta nan, na farko ya yi difloma a fannin shari'a, na biyu ya karanta zanen gine-gine. Akwai Sanusi Lamido Sanusi, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014, da marigayi Muhammad Sanusi Barkindo, Sakatare Janar na ƙungiyar OPEC daga 2016 zuwa 2022, da marigayi Ghali Umar Na'abba, da Nuhu Ribadu, da Nasiru El-Rufa'i, da Donald Duke wanda ya mulki Jihar Kuros Riba. Gwamnoni da ministoci da alƙalai kuwa sai dai a ƙirga a gaji.

Yabon gwani ya zama dole, kuma wannan jarida ba ta da ja a kan haka. Sai dai a ganinmu jerin nan ya fara zama tamkar bargon da ake lulluɓe wata tambaya mai nauyi da shi. Su wane ne suka koyar da waɗannan mutane, a cikin wane irin yanayi, kuma shin jami'ar tana da halin sake yin irin wannan aiki a yau?

An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960 kan makomar ilimi mai zurfi a Nijeriya. Ta fara da tsangayoyi 4 da ɗalibai 426, a kan harsashin makarantun da ta gada: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, da Cibiyar Koyon Mulki da ke Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne Uban Jami'a na farko. Kowa ya san dalilin kafa ta shi ne Arewa ta samu nata likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati. Abin da ake yawan mantawa shi ne hanyar da aka bi aka cim ma wannan buri, wato buɗe ƙofa ga duk mai ilimi, ko daga ina ya fito.

A dubi shugabanninta na farko. Norman Alexander, masanin kimiyya ɗan ƙasar New Zealand, shi ya aza tubalin. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna kuma ƙasa ta shiga ruɗani, aka damƙa ragamar ga Dokta Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista haifaffen Anchau, wanda a lokacin bai cika shekara 40 ba. Ya riƙe jami'ar har 1975, ya tsallake da ita yaƙin basasa, kuma a zamaninsa aka kafa Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a, wadda ta zama gada ga ɗimbin 'ya'yan Arewa. Bayansa Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi daga Adamawa, ya karɓa, sannan Farfesa Oladipo Akinkugbe, Bayarabe daga Ondo, sannan Farfesa Ango Abdullahi daga 1979 zuwa 1986. A 1991 Farfesa Daniel Saror, ɗan ƙabilar Tibi daga Binuwai, ya hau kujerar. Wannan jeri kaɗai ya isa ya nuna irin faɗin zuciyar da aka gina wurin da ita.

Haka abin yake ta fuskar malamai. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ya kafa Sashen Tarihi, ya koya wa ɗalibansa su daina karɓar labarin Turawan mulkin mallaka ido rufe, su koma ga rubuce-rubucen malaman ƙasar nan na Larabci da ajami, su kuma yi wa hatta labarin Bayajida tambayoyi. Shi ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Daga hannunsa aka samu Dokta Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Dikko, wanda bincikensa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 har yau ake karantawa, wanda kuma a 1976 shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da daftarin tsarin mulki na masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton. Akwai Dokta Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya tona yadda Ingilishi suka ci Arewa da yaƙi, ya kuma shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Akwai Patrick Wilmot ɗan Jamaika, wanda ya koyar da ilimin zamantakewa tun 1970. A fannin likitanci, Farfesa Umaru Shehu ya gina sashen kiwon lafiyar al'umma, Brian Greenwood kuma ya shafe shekarun 1970 a Zariya yana binciken cutar sanƙarau, tun kafin sunansa ya game duniya. Kai, tun kafin a kira wurin jami'a, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda ta sauya alƙiblar zane-zanen zamani a Nijeriya baki ɗaya.

Waɗannan mutane ba addininsu ɗaya ba, ba ƙasarsu ɗaya ba, ra'ayinsu ma yakan saɓa har a yi cacar baki a zauren lacca. Abin da ya haɗa su shi ne jami'ar ta ba su albashin da zai riƙe su, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim mai littattafan zamani, da kuma 'yancin faɗin abin da bincike ya nuna musu ko da bai yi wa mai mulki daɗi ba. Ɗalibin da ya zauna a gaban irin waɗannan malamai dole ya fito da kaifin tunani. A nan asirin yake.

To, ruwa ba ya tsami banza. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'ar, makomarta ta koma hannun masu mulkin soja. A Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar ƙin ƙarin kuɗin abinci da masauki, an harbe ɗalibai a Zariya. Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sanda suka sake shiga harabar Samaru, aka sake zubar da jinin ɗalibai. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, kuma daga wannan lokaci ne zargin nan ya shahara cewa wai wasu malamai na koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot suka jefa shi jirgi zuwa Landan. A 1995 aka naɗa wa jami'ar kantoma, Manjo Janar Mamman Kontagora, wanda ya riƙe ta har 1998. A gefe guda kuma, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin farfesa ya zama abin tausayi, baƙin malamai suka tattara nasu ya nasu, 'yan gida masu hali suka bi bayansu. Ko a baya-bayan nan, yajin aikin 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8.

A nan ne ya kamata masu alfahari da jerin sunaye su tsaya su yi nazari. Tun daga 1999 babu wata gwamnati da aka kafa a Abuja wadda ba ta cike da 'ya'yan wannan jami'a, haka ma gidajen gwamnatocin jihohin Arewa. Yawancinsu sun yi karatu kusan kyauta, da tallafin gwamnatocin jihohinsu, suna cin abinci mai kyau a farashi ƙalilan. Duk da haka a kan idonsu jami'o'in gwamnati suka koma rufewa da buɗewa kamar kasuwar ƙauye, a kan idonsu Arewa ta ci gaba da zama yankin da ya fi kowane yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma da yawa daga cikinsu sun tura nasu 'ya'yan Ingila da Dubai da Malesiya. Idan har jami'a za ta karɓi yabo saboda muƙaman da ɗalibanta suka riƙe, to ɗaliban ma sai su amsa tambaya kan abin da suka yi da muƙaman.

Ba muna cewa itaciyar ta mutu ba ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana ci gaba da fitar da ingantattun irin masara da dawa da gyaɗa, kuma a 2019 aka amince da irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cinye kwanson wake, aikin da Farfesa Muhammad Faguji Ishiyaku ya jagoranta. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar da kazar Shika Brown. Tun 2004 jami'ar ke riƙe da na'urar binciken nukiliya ta farko a Nijeriya. Har yanzu akwai malamai masu kishi da ke aiki cikin ƙunci. Su ne suka fi cancantar a jero sunayensu a ranar biki.

Saboda haka muna kira ga tsofaffin ɗalibai masu hali da su wuce matakin gina ƙofa ko zaure mai ɗauke da sunansu. Abin da jami'a ta fi buƙata shi ne asusun dindindin da zai ɗauki nauyin kujerun farfesoshi da tallafin bincike, da sunan mutane irin su Ishaya Audu da Abdullahi Smith da Bala Usman da Umaru Shehu, a kuma riƙa bayyana lissafinsa a fili duk shekara. Muna kira ga Majalisar Gudanarwar jami'ar da ta tsare al'adar buɗe ƙofa wajen ɗaukar malamai da zaɓen shugabanni, ta toshe kunne ga masu son mayar da kujerar shugaban jami'a rabon 'yan gari ko na wani addini, cutar da ta riga ta kama jami'o'i da dama a ƙasar nan. Muna kira ga gwamnonin jihohin Arewa 19, waɗanda suka gaji gwamnatin da ta kafa jami'ar, da su daina kallon ta a matsayin matsalar Abuja kaɗai. Ita kuma Gwamnatin Tarayya ta sani cewa yarjejeniyar da aka sa wa hannu aka ƙi cikawa ita ce uwar yajin aiki. A ƙarshe, ya kamata Gidan Arewa da Sashen Tarihi su gaggauta naɗar bayanan tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka rage a raye, domin kullum sahunsu raguwa yake yi.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma ga mai tafiya. A 2062 jami'ar za ta cika shekara 100, kuma waɗanda za a jero sunayensu a ranar su ne yaran da ke cunkushe a azuzuwan Samaru da Kongo a yanzu. Irin malaman da aka tanadar musu yau shi zai nuna ko za a samu abin tafawa.